Saniyar da Aka Dawo da Ita

Su uku ne a gidan, can gefen gonakin shayi na yankin Nandi: Jebiwot 'yar firamare, da mahaifiyarta Salina, da kawunta Kimaiyo. Masara na rumbu, ruwan sama bai taɓa yi musu rowa ba. Walwala ce kawai babu.

Tun rasuwar mahaifin Jebiwot, Salina ta shige ɗaki. Da dare idonta biyu, da rana barci. Don tausayi, Kawu Kimaiyo ya kai saniyarta gidan maƙwabci kada tatsar asuba ta dame ta, ya kuma rataya bargo a taga. Kullum Jebiwot saɗaf-saɗaf take fita makaranta, tana tsoron kada Mama ta bi Baba.

Wata rana nas ɗin da ta ba Salina magani a asibiti ta biyo ta duba ta.

"Kimaiyo, wannan ɗaki ne ko rami?" Ta yaye bargon.

"Hutu muke ba ta, Sista."

"Hutun naka ne ke ƙara kwantar da ita. Ciwon damuwa ne, kuma jiki na da agogonsa. In ka ɓoye masa rana, dare ma sai ya ɓace masa. Ta ci gaba da shan magani, amma kullum ta tashi a lokaci ɗaya, ta sha hantsi. Da can me ke tashinta?"

"Saniya," in ji Jebiwot.

"Tana ina?"

Kawu ya sosa ƙeya.

"To, babban likita, maza je ka dawo da ita."

Washegari da sassafe saniya ta cika gidan da kuka. Kawu ya tsuguna zai tatsa, ta harbe shi, ya faɗa cikin kashinta.

"Wane mara imani ne ya dawo da mai bakin nan?" Muryar Salina ce daga ɗaki. Jim kaɗan ta fito tana kare ido da hannu. "Matsa, Yaya, kafin ta ƙarasa ka."

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Wani lokaci tana gama tatsa sai ta koma ta kwanta, wani lokaci ta zauna a rana tana hawaye. Amma a hankali barcinta ya koma dare.

Wata safiya ƙamshin shayi ya tashi Jebiwot.

"Ke malalaciya, sai rana ta same ki a gado?" in ji Salina daga bakin ƙofa.

Jebiwot ta ja bargo ta rufe fuska, tana murmushi. Ta fahimci cewa ba kowane mai kwance ne ke bukatar a bar shi ya huta ba.