Tulun da Bai Gama Tuba Ba

Shekara talatin da biyu Hajara ta yi a ɗakin girkinta da ke unguwar Hindawiyya a Makka tana haɗa ɗurshi, wato karas da kokwamba da barkono da ake jiƙawa cikin khal, ruwan tsamin da ake yi da inabi, har su nuna. A duk tsawon shekarun nan hannun mutum guda take karɓar khal, wani tsoho mai gonar inabi a bayan Ɗa'ifa. Tsohon ya rasu bayan babbar salla. Hajara ta koma kan khal na kwalba da ake sayarwa a kanti, tana zaton ba wanda zai lura. Mukhtaru, mai gidan shinkafar Buhari da ke kwashe kusan duk abin da ta jiƙa, tun a cokalin farko ya lura. Ya aiko mata cikin ladabi cewa idan ɗurshin bai koma yadda yake ba zuwa ƙarshen watan gobe, zai nemi wani hannun.

Wannan ne ya sa ranar wata Asabar, bayan sallar asuba, ta shiga bayan tasin ƙanenta Wada, suka kama hanyar Hada mai nannaɗe dutse. Wada mutum ne da ba a taɓa ganin tsakiyar kansa ba tun shekara ashirin da suka wuce. Da hiraminsa yake tuƙi, da shi yake cin abinci, matan unguwa ma sukan ce da shi yake wanka.

"Yaya, kin san a wasu ƙasashen ma haka ake yi?" in ji shi, yana kauce wa wasu birai da suka tsaya a gefen titi. "Fasinjojina suna ba ni labari. A shiga mota, a bi gonakin inabi ɗaya bayan ɗaya ana ɗanɗanawa. Sai dai su nasu ba khal ba ne."

"Duba gabanka, Wada."

"Labari ne kawai. Na san ke ko alawa aka ba ki sai kin tambayi sunan uban wanda ya dafa ta."

Gaskiya ya faɗa. Kowa a Hindawiyya ya ji Hajara tana cewa haram bai taɓa wuce maƙogwaronta ba, kuma takan faɗi haka har a wuraren da ba a tambaye ta ba.

A saman dutsen Wada ya tsaya ya sayo wa matarsa turaren wardi na Ɗa'ifa. Garin nuna wa yayarsa ingancinsa, kwalbar ta kuɓuce, rabinta ya ƙare a kan niƙabin Hajara. Daga nan har la'asar hancinta bai sake jin komai ba ban da wardi.

Gona biyu suka fara shiga. A kowace aka shimfiɗa musu darduma ƙarƙashin rumfar inabi, aka kawo inabi baƙi da fari, sa'an nan aka kawo khal a ɗan finjali. Na farko Hajara ta ce an saki masa ruwa. Na biyu ta ce wannan sai dai a wanke tukunya da shi. Wada kuwa inabin kowa ya yaba, don shi ne ke cinyewa.

Gonar marigayin ta bari a ƙarshe, saboda ta ji cewa jikansa Rakan ne ya gaje ta, saurayin da ya yi karatun kwamfuta a Jidda. Ya tarbe su da murna, ya kai su rumbun da kakansa ke ajiye tuluna. Wurin tsaf yake, an share shi fes, an shimfiɗa sabuwar darduma.

"Khala, na gyara komai," in ji Rakan da Larabci, yana kiranta inna irin nasu. "Kakana, Allah ya jiƙansa, tsumma kawai yake ɗaurawa a bakin tulu, ƙudaje su yi ta yawo a kai. Ni murfin roba na sa, na liƙe shi da gam. Ko iska ba ta shiga. Ya hana mu taɓawa kafin kwana arba'in, wannan kuwa yau kwanansa hamsin."

Da hancin Hajara yana aiki, da tun daga bakin ƙofa ta tsaya. Da kuma ta saurari saurayin da kyau, da ta tuna cewa ruwan inabi ba ya zama khal sai ya sha iska. Amma hankalinta na kan saƙon Mukhtaru. Rakan ya ɗebo mata a finjali, ta karɓa, ta yi bisimilla, ta ɗaga gefen niƙabi, ta kurɓa cike da baki kamar yadda ta saba.

Ba tsamin da ya cije ta. Wani ɗumi mai laushi ne ya bazu a kan harshenta, da ɗan zaƙi a bayansa. Ba ta taɓa ɗanɗana abin ba a rayuwarta, amma nan take ta gane shi, kamar yadda mutum kan gane wanda aka daɗe ana gargaɗinsa a kansa.

Haɗiyewa dai ba ta taso ba. Ta duba ƙasa, sabuwar dardumar mutane ce. Ta duba finjalin, Rakan ya riga ya karɓe shi. Ta juya za ta fita, sai ga kakar Rakan, matar marigayin, ta toshe ƙofa da sandarta.

"Assalamu alaikum, Hajiya Hajara. Ashe za mu sake ganin juna?"

Amsa sallama wajibi ne, Hajara ta san wannan sarai. Ta tsaya kumatu a cike, idanu na kawo ruwa. Tsohuwar ta ɗauka kukan ta'aziyya ne, ta buɗe hannuwa za ta rungume ta.

Abu mafi kusa da hannun Hajara shi ne jelar hiramin Wada. Ta fizge shi gaba ɗaya, ta dunƙule, ta tura ƙarƙashin niƙabi, ta juye abin da ke bakinta.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah," ta ce, da muryar wadda ta fito daga rijiya.

Sai kowa ya koma kallon Wada. Kansa na sheƙi kamar an goge faranti, ko sili ɗaya babu. Tsohuwar ta ce masha Allah, don ba ta sami wata kalmar ba.

Hajara ta kuskure baki sau bakwai a famfon gona, ta yi istigfarin da ba ta ƙirga ba. Da ta dawo, Rakan na tsaye fuska a ɗaure, ya gane giya ce a ciki, ya ɗauko guduma zai fasa tulunan duka.

"Ajiye wannan, ɗana," ta ce. "Ba giya ka yi niyya ba, khal ka nufa, ka toshe masa hanya. Cire robar nan, ka ɗaura tsumman kakanka. Kada ka zuba masa komai, ka bar shi ya juya da kansa, haka malamanmu suka ce yana halatta. Kada kowa ya sake kai shi baki. Ranar da ka ga ƙananan ƙudajen nan da ka kora sun dawo sun yi dafifi, kuma hancinka ya yi maka zafi daga bakin ƙofa, ka kira ni. Mako uku ya isa. Wannan tulun na gefe nawa ne, kada ka ba kowa."

"Khala, yaya aka yi kika san zai yi kyau?"

Hajara ta gyara niƙabinta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Hiramin kuwa ta ce ba zai shiga Haramin Makka ba. Wada ya roƙa, ya ce zai wanke, ya ce zai sa shi a leda. Ta tuna masa cewa akwai shingen bincike a hanya, kuma shi ne direba. Aka bar hiramin a bakin famfo.

Suna gangarowa dutse, rana na haska masa kai ta gilashi, Wada ya dube ta a madubi.

"Yaya, yau da daddare duk Hindawiyya za ta ji."

"To. Da ni zan fara ba su labarin abin da kakar Rakan ta yi wa masha Allah."

Wada ya shafa kansa.

"A Aziziyya akwai kantin hirami," in ji shi. "Idan muka tsaya can kafin mu shiga unguwa, ni ban ga komai ba."

"Ni ma haka."

Can kuma ya kasa daurewa. "Tsakaninki da Allah, Yaya, yaya ɗanɗanonsa yake?"

Hajara ta ja carbinta, ƙwaya ɗaya, biyu, uku.

"Bai wuce maƙogwaro ba," ta ce. "Amma ka gaya wa Mukhtaru ya daina neman wani hannun."