Farin Tabo a Hoto na Biyu

"Malama, ɗan koma baya. Wannan farin mene ne?"

Malama ta mayar da hoton baya. Mai tambayar ɗalibarta ce ta digirin digirgir, wadda duk sashensu na jami'a ke kira Me-ya-sa, domin ba a gama magana a gabanta ba tare da ta nemi dalili ba. Yatsanta na kan allon kwamfutar, a gefen hagu na ƙwaƙwalwar, inda wani farin tabo ya zauna kamar ƙwayar gyaɗa.

Shekara ashirin Malama ta yi tana koyar da yadda ƙwaƙwalwa take aiki, kuma ta san abin da ake nufi da fari irin wannan a wurin da bai kamata ba. 

Al'adar ɗakin bincikenta ce, duk na'urar da aka kawo sai mutanen ɗakin sun fara gwada ta a jikinsu kafin a kira na waje. Da sabuwar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta iso, su uku suka kwanta a cikinta: ita, da Me-ya-sa, da tsohon da ke kula da na'urori. Kwamfutar kuwa takan goge suna da fuska, ta bar lamba kawai, kamar yadda ƙa'idar bincike ta ce. Hoto na uku ba ya buƙatar suna. Tsoho ya yi barci a ciki har da minshari, hotonsa ya fito a dagule, an sha dariya. Saura na ɗaya da na biyu, kuma tabon yana cikin na biyu.

Me-ya-sa ta janye yatsanta. A karon farko tun da Malama ta san ta, ba ta sake tambayar komai ba. Kallon Malama kawai ta yi, kallon da ake yi wa mara lafiya. Duk ɗakin an san Malama ta yi makonni tana fama da ciwon kai, tana ɗora laifin a kan tabarau.

Malama ta ce ƙila motsi ne, ko kuskuren na'ura. Ita kanta ba ta yarda da muryarta ba.

Tana da aji da hantsi, ta kuma shiga, don ba ta san inda za ta sa kanta ba. Darasin ranar a kan sashen magana na ƙwaƙwalwa ne, wanda ke gefen hagu. Tana tsaye tana zana shi a allo, kalmar "jijiya" ta ɓace mata. Kalmar da take faɗa kullum kamar sunanta. Ta tsaya da alli a hannu, 'yan aji suna jira. Wani daga baya ya faɗo kalmar, aka yi 'yar dariya, ita ma ta yi. Amma tsoro ya riga ya kama ta sosai. Ta tuna matar da ta taɓa yin bincike a kanta, malamar makaranta, wadda take ganin cokali ta san aikinsa amma sunansa ya ƙi zuwa, sai hawaye. Ta tuna autarta da ba ta gama sakandare ba, da maigidanta wanda ko inda ake ajiye gishiri bai sani ba a gidansa.

Da ta fito, Me-ya-sa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar Malama. Ta riga ta kira likitan hoto na asibitin koyarwa, ta kwafe hotunan, ta kuma sallami ɗaliban da ke jiran Malama a ofis. Malama ta so ta yi mata faɗan shisshigi, amma ba ta da ƙarfin faɗa.

A motar haya suka zauna a baya, a matse. Me-ya-sa ta zuge jakarta, ta ture kwalbar madarar jaririnta da ta bari wurin surukarta, ta zaro katin maganin ciwon kai. Saura ƙwaya biyu a jiki. Ta ɓallo ɗaya ta miƙa, ta ce wannan yana aiki, ita shi take sha tun da ta fara rubuta babin ƙarshe na kundin digirinta. Malama ta haɗiye ba ruwa. Duk hanya yarinyar sai surutu take, wai Malama kada ta damu da aji, ita za ta riƙe 'yan shekarar farko, za ta duba takardun jarrabawa, kundinta ma zai iya jira. Malama tana jin ta sama-sama. Sunayen abubuwan da ke wucewa take kira a zuciya, shago, keke, fitila, tana gwada ko akwai wanda zai ƙi zuwa.

Likitan hoton abokin karatun Malama ne tun suna 'yan jami'a, yanzu ya yi sanƙo da tumbi. Ya fara tsokanarta cewa masu bincike ba sa tuna likita sai ta ɓaci, amma da ya ga fuskarta ya bari. Me-ya-sa ta ce za ta jira a waje. Ya sa hoton, ya daɗe yana juya shi. Ya ce ƙari ne, ba ya tantama, kuma wurin da ya zauna ba ya son jira. Sai an ƙara hoto da allura, sai likitan tiyata ya gani a makon nan.

Malama ta riƙe gefen kujera. Ta tambaye shi ko za ta rasa maganarta.

Ya cire tabarau ya dube ta. "Ke? Wa ya ce miki naki ne?"

Ya jawo hoto na ɗaya ya ajiye kusa da na biyu. Ya nuna mata ramukan na ɗaya da suka ɗan faɗaɗa, yadda shekaru ke yi wa kowa. Sannan ya nuna na biyu, cike, a matse, ba sarari.

"Wannan na ɗayan shi ne namu, mu tsofaffi. Mai na biyu ba ta kai talatin ba. Ke da kike hana ɗalibai kallon tabo kafin su kalli hoton duka?"

Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har ƙafa. Daɗi ne, ba ta da wani sunan da za ta ba shi. Ta ji shi sarai, na tsawon numfashi guda, har ta fara gode wa Allah. Sai katin maganin nan ya dawo mata, da kwalbar madara. Kunya ta rufe ta, tsoron kuma ya dawo, ya fi na safe nauyi.

Da ya gane mai hoton, likitan ya ce ko ya kira yarinyar ya gaya mata da kansa, aikinsa ne. Malama ta girgiza kai. Ita za ta gaya mata. Ita ta sa yarinyar ta kwanta a na'urar, ita kuma ta koya mata ganin abin da ta gani.

Me-ya-sa na zaune a kan benci, ta sayo ruwan roba, ta rungume jakunkuna biyu a cinya. Tana ganin fuskar Malama ta miƙe da sauri, ta kama hannunta da hannu biyu.

"Malama, ko me ya ce, ba ke kaɗai ba ce. Ina nan."

Malama ta karɓi jakunkunan ta ajiye gefe. Ta buɗe ruwan ta sa mata a hannu.

"Na sani, 'yata," ta ce. "Zauna tukuna. Mijinki yana kusa?"

Yarinyar ta dube ta, ta dubi ruwan da ke hannunta.

"Me ya sa?" ta ce.