Karar da Ta Sayar da Jonah

Har yau Jonah bai gane wannan ƙwallo ta Amurkawa ba. Ƙirar gwanda gare ta, ana ce mata ta ƙafa, amma da hannu ake jefa ta. Shi dai an ce ya ruga, ya waiwayo, ya cafe, kuma gudu kam Allah ya ba shi. Abin da ya sani shi ne duk Juma'a da yamma yakan baro ɗakinsu na unguwar Najma, a ƙasar Larabawan da yake aiki, inda ba mai jin Hausa, ya zo filin Al Aziziya ya tarar da 'yan gida. Nan yake dariya a mako, nan ake tambayarsa labarin matarsa da ke Jos.

Matsalar ƙungiyarsu ɗaya ce, majefi. Dakta Mas'udu, dattijon da ya tara su, shi ke jifa, kuma jifarsa sai addu'a. Bana an sami wani Dramani, ɗan zangon Kumasi, mai hannu kamar gwafa. Sai dai a gasar da ma'aikata baƙi ke bugawa, bi da bi ake zaɓar sababbin 'yan wasa, su kuwa ƙuri'a ta jefa su can baya. Ƙungiyar 'yan Filifin da ke kan gaba ta ce za ta bar musu layinta, in an ba ta Jonah.

Jonah ya rasa ta inda zai kama zancen. Yabo ne ko kora? Ya tambayi Nanret, nas ɗin da ke tsaron baya.

"Yaya Jonah, wai mu hau sama ne mu ɗauki majefi," in ji ta.

"In na tafi, wa zai jefa wa?"

Ashe ita ma Nanret ba ta kai nan a tunani ba.

Ya je wurin Dakta. Dakta ya ce ai shi ya kamata ya sauka, tsufa ya zo, amma kuma ba a sayar da ɗan'uwa, amma kuma shan kaye kullum ba daɗi. Jonah ya dawo da kai ya fi na da nauyi. Tsoro ya kama shi sosai, don ba ya son tafiya ko kaɗan.

Ranar zaɓe suka tsaya gaban mai shirya gasar, wata Ba'amurkiya mai fara'a da kwamfuta a cinya. Ta tambaya da Turanci ko sun yarda da musayar. Kowa ya sunkuyar da kai. Jonah ya ga an bar shi da shirun, sai ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi a gida: ya miƙa kansa don a hana shi. Ai haka ake yi, ka ce ka ƙoshi, a ce sai ka ci.

"Ba komai," ya ce mata, "in don ƙungiya ne, zan tafi."

Dakta ya gyara murya, ya ɗaga hannu, ya fara jawo "Haba, Jonah" tun daga ƙirji, yadda ya dace da babba. Kafin ya kai ƙarshen sunan, matar ta danna abinta.

"Khalas!" ta ce, wato shi ke nan, tana tafa wa Jonah.

Aka yi cirko-cirko. Nanret ta ce a gaya mata ba haka ake nufi ba. Dakta ya gwada, amma yaya za ka bayyana wa baƙuwa cewa mutum ya ce e don a ce masa a'a? Ta dube shi, ta dubi Jonah, ta tambaya ko wani ne ya tilasta masa. Jonah ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ya girgiza kai.

Wani ɗan Filifin ya miƙo masa jar riga yana murmushi. Can gefe Dramani ya iso, yana gaisawa da kowa da Hausar zango, yana tambaya wane ne mai gudun nan da aka ce zai riƙa jefa wa.

Kowa ya juya ya dubi jar rigar da ke hannun Jonah.