Kwalin da Aka Raba Ranar Suna

Ni dai ban taɓa cin ƙwai a cikin kofi ba, kuma ba ni da niyya. A Zinder inda aka haife ni, ƙwai a dafa shi ya yi tauri, a ɓare, a dangwali yaji, magana ta ƙare. Amma tun 'yan shekaru bayan zuwana Greensboro ta Amurka nake tara kofunan ƙwai, waɗannan 'yan ƙananan kofuna na tangaran masu ƙafa ɗaya, da Turawa suke zaunar da dafaffen ƙwai a kai, su fasa masa kai, su ci da cokali. Duk wanda ya tambaye ni dalili sai in ce masa so nake. In ya sake tambaya, in sake gaya masa haka.

A unguwar Irving Park na fara. In tsohuwa ta rasu a waɗannan manyan gidaje, 'ya'yanta sukan buɗe ƙofa ranar Asabar su sa wa komai farashi, har cokulan shayi. Tukunya na je nema. Sai na ga wani ɗan kofi fari mai bakin zinariya da furanni shuɗɗa, an ture shi gefe kamar maraya. Hannuna ya ɗauka kafin in yi shawara da kaina. Daga nan na shiga uku: mai siffar zakara, mai siffar agwagwa, na katako, na azurfa da ya yi baƙi don tsufa. Na sayi kabad mai gilas na jera su a falo.

Kada a ce mini wasan yara ne. Da aka yi aurena, kwanukan jeren da aka cika mini ɗaki da su, uwata ta zaɓa, gwaggona ta jera, da za mu taho Amurka ƙannena suka rabe. A nan kuma yini nake a wani sito a kan Wendover Avenue ina naɗe kayan mutane ina zubawa a kwali. Albashin ya tafi haya da gida da makarantar yara. A duk duniyar nan, abin da na zaɓa da idona, don kaina, ba don kowa ba, shi ne abin da ke cikin wannan kabad. Ina son su, ba na jin kunyar faɗa.

To, sai autata Chamsou ta haihu. Mijinta Najib ɗan Kano ne, yana karatun digiri na uku a jami'a. Da yake haihuwar fari ce, gida ta dawo wanka, don haka a falona za a yi taron suna na mata. Uwar Najib, Hajiya Nasiba, ta taso takanas daga Kano, mace mai kwarjini wadda ko gaisuwa ta amsa sai ka ji kamar alfarma ta yi maka.

Na san 'ya'yan mutanenmu. In sun shigo gida, abin da ke sama sai ya sauko. Saboda haka ana gobe suna na kwashe kofunan nan kaf, na naɗe kowanne a farar takarda yadda na iya a wurin aiki, na jera su a kwali, na tura kwalin lungun ɗakin kwana. Kayan rabo na gaskiya kuwa, robobin da aka manna wa sunan jariri Ubaidullah, suna cikin but ɗin motar maigidana Adamou. Shi kuma daga wurin raɗin suna ya wuce kai wasu baƙi filin jirgi, ya tafi da robobin.

Anti Oumou ita ce uwar taronmu. Ba a biki, ba a suna a garin nan sai ludayi na hannunta. Da la'asar ta yi, mata suka fara gyara mayafi, ta shiga ɗaki neman kayan rabo. Ta tarar da kwali cike da ƙananan abubuwa, kowanne a naɗe tsaf. Ranar suna, a gidan mai jego, me za ta zata? Ban ce mugunta ta yi ba. Ta jefa wa kowace mace ɗaya a cikin ledar cincin da dubulan.

Ni ina kicin a kan tukunyar shinkafa, gumi har ido. Ina jin mata suna leƙowa suna cewa, "Fassouma, wannan kado naki, kyautar nan, ya yi kyau! Kin fidda mu kunya!" Ina ta amsawa da "Ba komai, Allah ya bar zumunci." Da bakina na sa wa abin albarka.

Sai da gari ya waye na jawo kwalin, na ji shi sakayau. Na zauna a ƙasa. Wallahi ko da aka sallame ni daga aikina na farko ban ji abin da na ji a wannan safiyar ba.

Adamou ya saurari labarin yana kurɓar shayi. Ya ce, "Bon. Ƙaddara ce. Sai ki yi haƙuri."

Na ce, "Zan karɓo kayana."

Ya ajiye kofin. "Ki karɓo? Fassouma, ba a karɓe kyauta. So kike a yi da mu daga nan har Zinder?"

"Ni ban ba kowa kyauta ba."

"Sun tafi da shi suna godiya. Wa zai tsaya ya bambance?"

Chamsou na kan kujera da jariri a kafaɗa. Ta ce, "Mama, please. Kofuna ne fa kawai. Zan saya miki wasu online." Sai ta rage murya. "Hajiya ma an ba ta. Najib ya ce ta ji daɗi sosai, ta ce kin san darajar mutane, nata har da bakin zinariya."

Wato na farkon nan. Shi ne ya faɗa hannun surukar 'yata, wadda Chamsou za ta zauna a ƙarƙashin idonta iya rayuwarta. Na gane abin da yarinyar ke roƙo, kuma na tausaya mata. Amma na ɗauki wayata na aika saƙon murya a zauren matanmu na waya. Na yi sallama, na yi godiyar zuwa suna, sannan na ce an yi kuskure, abin da aka raba kayana ne, zan zagayo in karɓa, robobinku na nan zan kawo muku. Zauren da ba ya minti ɗaya shiru ya yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Kullum na tashi aiki sai in cika jaka da robobi in shiga gidaje. Na ga abin mamaki. Sakinatou ta zuba kwalli a nata. Salima ta mai da na azurfar wurin ajiye tsinken sakace. Wata ta cika agwagwata da gishiri ta ajiye kusa da murhu. Wasu sun miƙo suna dariya, wasu sun miƙo da hannun hagu ba su ce in zauna ba. Hafsatu, matar wani malamin jami'a, ta ce, "Ikon Allah, Anti, a kan wannan ɗan abin kika ƙona mai?" Na ce mata man nawa ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai gidan Anti Oumou ne. Zakarana ta ɗauka wa kanta, ja mai tsayayyen tsoro, wanda na daɗe ina nema kafin in samu. Ta fito da shi babu kai.

Ta ce, "Mutum-mutumi ne ai. Mala'iku ba sa shiga gida da irinsa, sai an cire kan. Na gyara miki shi ma."

Na ce, "Ina kan?"

"Na zubar. Fassouma, ki ji tsoron Allah, ki bar abin nan haka. Mata na magana. Cewa suke zaman Amurka ya cinye miki kara."

"Su faɗa. Duk wadda na taɓa hana wa tukunyata ko falona ko dare na a asibiti, ta fito ta faɗa. Wannan ɗaya ne na ce nawa ne."

Ban jira amsarta ba, na sa zakaran a jaka haka nan guntu. A mota na yi kuka, na share, na wuce gida na gaba.

Kafin mako ya zagayo kabad ɗin ya kusa cika. Gurbi ɗaya ya rage a tsakiyar layin sama, kuma kowa a gidan ya san na wane ne. Adamou ya daina kallon wajen. Chamsou kuwa ko abinci aka zuba mata sai ta yi ta juya cokali. Na rasa yadda zan tunkari Hajiya Nasiba, don a wurinmu suruka ba abokiyar ciniki ba ce, ko ido ba a cika haɗawa. Ashe ita ta riga ta shirya.

Ana gobe za ta koma Kano ta zo sallama, Najib na biye da ita. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo lemo da dambun nama. Ta karɓi jikanta ta yi masa addu'a, ta miƙa wa uwarsa. Sai ta buɗe jakarta a hankali, ta fito da kofin, ta ajiye a kan tebur, ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba.

Ta ce, "Na ji ana bi gida-gida ana karɓar kyauta. Na ce bari in kawo tawa, in har da ni."

Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san amsar da ake jira. Cewa zan yi, haba Hajiya, wane ni, ai ke uwa ce, da ma duka aka ba ki. Ita kuma ta mai da shi jaka, ta je Kano ta ba da labarin surukai masu mutunci. Adamou har ya fara mini: "Haba Hajiya, ai ke..."

Na ce, "Har da ke, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Najib ya sunkuyar da kai. Adamou ya kalle ni kamar na zage shi a masallaci. Amma ban janye ba.

Hajiya ta yi wani murmushi. "Me ake yi da shi ne?"

"Ƙwai ake ci a ciki."

"Kina ci?"

"A'a."

"To kin ga ni na samo masa aiki. Turaren jikana zan riƙa zubawa." Yatsunta suka ƙara kewaye kofin. Sai ta juya wajen 'yata. "Ke Chamsiyya, ke ce tamu. Me kika ce? A karɓe wa uwar mijinki abin da aka ba ta a sunan ɗanki?"

Faɗana ne, ni na ɗauko shi, ga shi an sauke a kan yarinya mai ɗanyen jego. Har na buɗe baki zan ce a bar shi, ta tafi da shi, Allah ya sa ya amfane ta.

Chamsou ta riga ni. Ta miƙa wa Najib jaririn, ta sauko daga kujera da ƙyar, ta durƙusa a gaban surukarta yadda na koya mata, ta tara hannu biyu. Hausarta da take karyewa kullum, ranar ba ta karye ba.

Ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Duk abin da yake nawa, ki ɗauka. Wannan na Mamana ne, kuma ba ta bayar ba."

Hajiya Nasiba ta daɗe tana kallonta. Yarinyar ba ta ɗago ba, ba ta kuma sauke hannuwan ba. A ƙarshe Hajiya ta ɗaga kofin ta saka mata a tafi. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce Allah ya raya, ta fita ba ta taɓa lemon ba. Najib ya ajiye yaron a kan kujera ya bi ta da sauri. Adamou ya raka su, ina jin muryarsa a matakala yana ta ba da haƙuri.

Muka rage mu biyu da jariri. Na kama ta na tayar da ita. Na ce, "Chamsou, kin san abin da kika jawo wa kanki? Matar nan ba ta mantuwa."

Ta ce, "Na sani."

"To don me? Ke kika ce kofuna ne kawai."

Ta dube ni, idonta ya cika. "Mama, tunda na yi wayo ban taɓa jin kin ce a ba ki wani abu ba. Ko sau ɗaya." Ta damƙa mini kofin, da ɗumin hannunta a jikinsa. "Riƙe kayanki, kafin wata ta shigo."