Man Kifin Baffa

Shekara goma sha tara Baba ya yi yana gadin wurin ajiye motoci a ƙarƙashin wani dogon bene. Kafin rana ta fito yake shiga, sai ta faɗi yake fitowa. Da hawan jininsa ya ƙi sauka, na raka shi asibiti, likita ta sa aka ɗebi jininsa.

"Bitamin D ɗinka ya yi ƙasa sosai, Baba," in ji ta. "Fata ce ke haɗa shi idan ta sha rana. Ƙarancinsa yana iya sa jijiyoyin jini su yi tauri, zuciya ta riƙa wahalar tura jini. Zan ba ka ƙwayarsa, amma ba za ta maye gurbin maganin hawan jini ba. Duka biyun za ka sha."

Kuskurenmu shi ne ba Baffa, ƙanen Baba, labari. Baffa bai taɓa jin sunan wata cuta ya rasa maganinta ba.

Bayan wata guda na koma gida, tun daga bakin ƙofa wani wari ya tare ni, kamar ɓera ya mutu a cikin bango. A tsakar gida na tarar da Baba ya toshe hanci yana haɗiyar wani abu mai yauƙi daga cokali, Baffa na tsaye a kansa riƙe da jarka. Ƙudaje sun yi baƙi a bakinta.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Bitamin ɗin ne, 'yata, na asali. Hantar kifi na tara a kasuwa, na shanya a kan rufi kwana goma, rana ta shige ta sosai, ta fitar da mai."

Na leƙa jarkar. Wani kumfa ne rawaya a sama, wani abu fari yana motsi a ciki.

A durowar Baba na samu magungunan asibiti, ko buɗe su ba a yi ba. Baffa ya ce masa a ajiye su kada su ɓata aikin man. Na ɗaura wa Baba abin awo, jinin ya haura ɗari da casa'in.

"Ciwon ne ke fita," in ji Baffa.

Na tuttular da jarkar a kwata, na tare mota muka tafi asibiti. Kwana uku aka kwantar da Baba, ga hawan jini ga gudawa.

Yanzu yana shan maganinsa, yana zama a rana da hantsi, jinin ya daidaita. Baffa kuwa ya bi dangi gida-gida yana cewa ba ni da kunya, na zubar masa da wahalarsa. Abin da ya fi ƙona min rai, jiya Baba ya kira ni ya ce in je in ba Baffa haƙuri.