Buhun Kanwa a Kan Ƙusa

Hamsatu ta fizge kaskon daga hannun 'yarta, amma ta makara. Tahira ta riga ta lashe busasshen ruwan kanwar da ragunan suka rage, leɓenta ya yi fari fat. Ba ta yi kuka ba. Ta dai taka zuwa bangon rumfar, ta yi ɗage, ta miƙa hannu wajen buhun kanwar da ke rataye can sama a ƙusa. Yatsunta suka faɗa daidai cikin tsagogin da ke jikin yaɓen.

Hamsatu ta ƙura wa bangon ido. Waɗannan tsagogi ba na Tahira ba ne. Farcen wanta Hashimu ne ya haƙa su, shi da ya rasu tun kafin a haife ta.

"Kin gani da idonki?" Inna Gana, surukarta, ce ta yi magana daga bakin murhu. "Shi ne ya dawo da zane. Wabi ke nan, ya zo, ya koma, ya sake zuwa. Ku dai yi ta ɗawainiyar asibitin Kano."

"Inna, yau ne suka ce a dawo a ji sakamako."

"To, Allah ya sa a ji alheri."

Hamsatu ba ta yarda da zancen wabi ba, ko malamin Islamiyyarsu ya sha faɗa a karatu cewa wanda ya tafi ya tafi. Sai dai faɗa daban, zama gida ɗaya da abin daban. Yadda Tahira ke kwankwaɗar ruwa ta jiƙe tabarma, yadda ƙafafunta suka ƙi ƙiba, yadda take lasar gumin wuyan uwarta in an goya ta, duk Hashimu ne sak. Tsoro Hamsatu take ji, wani lokaci har tsoron 'yar cikinta.

Mijinta, Bunu, yana kiwon raguna ne don Babbar Sallah, kuma kowa ya san rago ba ya cika ido sai da kanwa. Da Hashimu ya fara rarrafawa cikin turke yana lasa tare da dabbobi, mata suka yi caa: kanwa tana tsinka hanjin yaro, ku raba shi da ita. Bunu mutum ne mai son ɗansa har a yi masa tsiya. Ran nan ya kafa ƙusa inda ko babba sai ya miƙe, ya rataye buhun, ya kuma ce a rage wa yaron gishiri ko kwaɗayin ya sake shi. A bazarar shekarar zawo ya kama Hashimu, ya yi laushi, ya tafi. Tun daga nan duk shekara Bunu yana sabunta yaɓen gidan kafin ruwa ya sauka, amma in ya zo kan tsagogin nan sai ya tsallake.

A tashar Ɗanbatta aka cusa su cikin mota kamar buhunan gyaɗa. Gonaki fayau, an share ana jiran damina. Kafin su kai Bacirawa Tahira ta shanye gorar ruwansu, ta kwanta lakwas a ƙirjin uwarta tana tsotsar bakin mayafi.

A asibiti, Likita Raudatu, wadda ta ɗebi jinin yarinyar a zuwan farko, ta sa aka sake kawo fitsari a 'yar kwalba. Ta tsoma wani siririn tsinke na takarda, ta jira ya sauya launi, ta duba takardun gabanta, sannan ta juyo da kujerarta.

"Maman Tahira, mun gano abin. A ƙoda yake."

"Ƙodar ta lalace ke nan, Likita?"

"A'a, ba ta lalace ba. Jiki yana da wani sinadari da yake aika wa ƙoda, ya ce mata ta riƙe gishiri, ta zubar da tsami ta fitsari. A jikin Tahira ɗan aiken yana zuwa, har ya yi yawa a jininta. Mai karɓar saƙon ne a ƙodar ba ya amsawa sosai. Kamar a yi ta sallama a zaure, na ciki bai ji ba. Sai gishirin ya bi fitsari ya zube, tsamin da ya kamata ya fita kuma ya taru a jini. Shi ke hana ta girma."

"Ana warkewa?"

"Ana rayuwa da shi lafiya lau, kuma sau da yawa yana sassautawa in yaro ya girma. Abin tsoro shi ne zafi da zawo. In ta fara, kada ki kwana da ita a gida." Ta ajiye ƙunshi biyu na farin gari a tebur. "Wannan gishiri ne da aka auna. Wannan kuma mai kashe tsamin ne, ɗan uwan kanwa ne."

Hamsatu ta ji ɗakin ya yi mata nisa. "Kanwa?"

"Danginta. Amma kada ki ba ta ta kasuwa, ba ta da awo, ga datti. Tana yawan neman gishiri, ko?"

"Ta raguna take lasa." Hamsatu ta gyara wa Tahira zama a cinyarta. "Likita, ana gadon abin nan? Na haifi wani, wanta, ya rasu. Shi ma haka ya yi ta nema. Muka hana shi."

Likitar ta ajiye biro. "Yana bin jini, gaskiya. Amma ban ga yaron ba, ba zan ce miki ga abin da ya ɗauke shi ba. Kun yi abin da kuka ga shi ne daidai. Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji Hamsatu. Ta lura likitar ba ta ce a'a ba.

A hanyar dawowa ta yi kukanta a cikin mayafi, ta share, ta yanke shawara. Za ta ce wa Bunu ciwon ƙoda ne, ga magani, shi ke nan. Mutumin da har yau bai iya shafa laka a kan yatsun ɗansa ba, ina zai kai wannan? Ita za ta riƙe, ta saba.

Ta same shi bayan la'asar a tsakar gida yana kwaɓa ƙasar yaɓe, ragunan suna ta kai-kawo a turke. Ya wanke hannu da sauri ya karɓi Tahira.

"Sannunku da hanya. Me suka ce?"

"Ƙoda ce, Malam. Sun ce za ta tashi, in dai ana ba ta wannan."

"Alhamdu lillahi! Inna, kin ji? Ba wabi ba ne!" Har dariya ya yi. Ya kwance ƙunshin farko, kuma da yake ko dusar raguna ba ya saya bai ɗanɗana ba, balle abin da zai shiga bakin 'yarsa, ya dangwala yatsa ya kai harshe.

"Malam..."

"Wannan ai gishiri ne." Ya kwance na biyun, ya dangwala, ya ɗanɗana. Dariyar ta tsaya. Ya sake ɗanɗanawa a hankali. Mutumin da ya shekara ashirin yana jiƙa wa raguna kanwa ba ya buƙatar likita ta gaya masa.

Ya ɗaga kai ya dubi buhun a kan ƙusa. Idonsa ya sauko zuwa tsagogin da ke ƙasa da shi, ya daɗe a nan. Inna Gana ta ajiye muciya.

"Ashe magani yake miƙa wa hannu," in ji Bunu, da wata murya da Hamsatu ba ta taɓa ji ba.

Tahira ta kamo yatsan nasa da hannu biyu, ta kai baki tana lasar sauran garin. Bai janye ba.