Gwangwani Biyu a Tagar Nicodemus

Shekara uku kekena na ɗinki yana jingine da bangon shagon Nicodemus a unguwar Limawa ta Jimeta, kuma a shekara ukun nan ban ga mutum mai taurin kai irinsa ba. Ni Bobboyi tela ne, shi kuma mai zanen allon shaguna da jikin motoci. Hannunsa kam sai dai a ce Allah ya ba shi. In ya zana maka kifi a allon gidan abinci, sai ka ji yunwa ta taso maka ko yanzu ka tashi daga kwano.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, gwangwanayen madara biyu ne da ya ajiye a kan taga, da ɗan ƙullin wake a gefe. Duk wanda ya kawo aiki sai ya tambaye shi, "Wa ya aiko ka?" In aka ce wane, ɗan cocinku, ko wance, ƙawar matarka Hilda, sai ya jefa ƙwayar wake a gwangwanin dama. Na hagu an keɓe shi ga wanda bai san shi ba, bai san kowa nasa ba, aikin kawai ya gani ya biyo sunan da ke rubuce a ƙasa. Na dama ya cika har sau biyu. Na hagu kuwa gizo-gizo ne ya tare a ciki.

Na ce masa, "Kai, aiki ai aiki ne. Me ya dame ka da wanda ya aiko?"

Ya ce, "Hamma Bobboyi," haka yake kirana, wato yaya da Fillanci, "wa'annan duka kunya ne ya kawo su. Ni ina so in sani ko allo kansa yana iya magana."

A shekarar da aka gama yaƙin basasa, yayansa Silas ya samo masa aiki a Maiduguri, a wani ofishin gwamnatin jiha inda ake zana fastoci. An ba shi zuwa ƙarshen wata ya amsa. Sai ya yanke wa kansa hukunci: in wata ya ƙare gwangwanin hagu babu komai, zai rufe shago ya tafi. Ba wai ya zauna jira ba ne. Ya zana alluna uku kyauta, ya kafa ɗaya a mashigin kogi, ɗaya a tashar mota, ɗaya kan hanyar Yola, kowanne da sunansa. Kwana ashirin, shiru.

Ni dai ba na son ya tafi, gaskiya ke nan. Da wa zan yi musu in ya tafi? Sai na yi wauta. Na aika ƙetaren kogi, Vinikilang, aka kira mini Jalo, ɗan kawuna, wanda Nicodemus bai taɓa gani ba. Na biya masa karatu tsaf: ya ce allon tasha ya gani.

Jalo ya shigo yana gyara murya kamar mai neman aure, ya faɗi abin da na koya masa. Na ga hannun Nicodemus ya nufi ƙullin wake, sai ya tsaya.

"Me ka gani a allon?"

"Eh to, rubutu ne mai kyau ƙwarai."

"Wane launi?"

Jalo ya waiwayo ya dube ni. Shi ke nan, asirina ya tonu. Nicodemus bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Hamma, ma'auni ɗaya nake da shi, shi ma ka so ka ɓata mini." Kwana shida bai sha shayi da ni ba. Na ji kunya har ƙashina, ga shi Hilda ta fara ɗaure kwanuka a cikin zane.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, wajen la'asar, wata babbar mota ta tsaya ta toshe mana titi. Wani ƙato ya diro, rigarsa duk baƙin mai, yana tambayar ina mai zane. Ya ce sunansa Ɗanburam, yana jigilar gyaɗa tsakanin Mubi da Jimeta.

Nicodemus yana wanke burushi a kananzir. Ko kansa bai ɗago ba, ni ya harara ta taga. Na ɗaga hannu biyu na ce, "Wallahi ban san shi ba."

"Haka ka ce wancan karon ma da idonka." Ya juya wurin baƙon. "Malam, mene ne tsakaninka da telan nan? Ɗan kawu ko ɗan goggo?"

Ɗanburam ya ɓata rai. "Wane tela? Ni tun Gombi nake bin bayan motan Hamajoɗa. Sau huɗu ya ba ni hannu in wuce, na ƙi. Da muka tsaya a Song na sa wani malamin makaranta ya karanta mini sunan da yake ƙasa."

Hamajoɗan nan wani mai mota ne, Nicodemus ya zane bayan motarsa tun bara. Amma na riga na yaudare shi sau ɗaya, bai yarda ba.

"Me ke jikin?"

"Kogi, da kwalekwale, da duwatsu a baya."

"Wannan kowa a tasha zai faɗa maka. Jeka abinka."

Na ji kamar in nutse. Ga mutumin gaskiya ya zo, ƙaryata za ta kore shi. Ɗanburam ya juya har ya kama ƙofar motarsa, sai ya dawo a fusace.

"Kai wane irin mutum ne? Akwai tsohuwa a tsakiyan kwalekwalen. Kowa yana kallon gaba, ita ta rufe ido, hannu ɗaya a kan ƙwarya, ɗaya ya danƙe bakin jirgi. Haka uwana yake ƙetare Binuwai har ya rasu, bai taɓa buɗe ido ba sai an kai gaɓa. Shi nake kallo tun Gombi. Irinsa nake so a motana, in ba za ka yi ba ka faɗa mini."

Tsohuwar nan ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ni da aka zana ta a gabana ban lura da ita ba, Hamajoɗa mai motar ma na tabbata bai san da ita ba.

Nicodemus ya daɗe a tsaye, kananzir na ɗiga daga burushi a kan takalminsa. Sannan ya goge hannu a wando, ya je taga, ya kifa gwangwanin hagu ya kakkaɓe yanar, ya zaɓi ƙwayar wake ɗaya ya saki. Ta yi ƙara ƙwal, har bakin titi an ji.

Ɗanburam ya dube ni ya ce, "Lafiyansa kuwa?"

Na ce lafiya lau.

Nicodemus ya leƙa cikin gida ya ce, "Hilda, kwance kwanukan nan." Ya juyo wurina, idonsa jawur. "Hamma Bobboyi, ɗora shayi. Kofi uku."